Gurbin da Aka Bayar Aka Janye: Shari'ar Horon Aikin Jarida na Richmond

Gabanin dogon hutun makarantu na shekarar 2006, wata yarinya 'yar shekara 15, ɗalibar sakandare a gundumar Chesterfield da ke maƙwabtaka da Richmond, babban birnin jihar Virginia a Amurka, ta nemi gurbi a wani horon aikin jarida na mako biyu da Jami'ar Virginia Commonwealth ke shirya wa 'yan sakandare. Aka sanar da ita cewa an ɗauke ta. Ba a jima ba, kamar yadda takardar ƙarar da aka shigar daga baya ta bayyana, sai aka bugo waya daga wajen masu kula da shirin aka tambayi launin fatarta, da aka ji cewa farar fata ce, sai aka shaida mata cewa an janye gurbin, domin horon na 'ya'yan tsirarun al'ummomi ne.

A watan Satumba na wannan shekarar iyayenta suka kai ƙara a madadinta gaban kotun tarayya da ke Richmond, kuma lauyoyin da suka tsaya musu sun fito ne daga wata cibiya ta Washington mai suna Center for Individual Rights, wadda ta daɗe tana yaƙi da duk wani tsari da ke la'akari da launin fata wajen raba guraben karatu. Waɗanda aka yi ƙara su ne jami'ar, da kamfanin Media General mai jaridar Richmond Times-Dispatch a wancan lokaci, da kuma gidauniyar Dow Jones Newspaper Fund wadda ke ba da tallafin kuɗi ga irin wannan horo a jami'o'i da dama. Shigar da gidauniyar cikin ƙarar shi ne ya mayar da maganar yarinya ɗaya ta zama maganar ƙasa baki ɗaya, domin duk sharaɗin da aka gindaya mata zai bi kuɗinta ya isa kowace jami'ar da take tallafa wa.

Daga ina horon ya samo asali

A watan Agustan 1965 tarzoma ta ɓarke a unguwar Watts ta birnin Los Angeles, aka kwashe kwana shida ana yi, mutum 34 suka rasa rayukansu. Jaridar Los Angeles Times, mafi girma a yankin, ta wayi gari ba ta da wakili baƙar fata da za ta tura cikin unguwar, fararen wakilanta kuma shiga wurin ta zame musu kasada. Wanda ya fitar da ita kunya shi ne Robert Richardson, wani matashi ɗan shekara 24 da ke ƙaramin aiki a sashen tallace-tallace, wanda ya shiga unguwar ya riƙa bugo waya yana faɗin abin da idonsa ya gani. A shekarar da ta biyo baya jaridar ta samu lambar yabo ta Pulitzer a kan rahotannin tarzomar.

A 1967 abin ya maimaita kansa a birnin Newark, inda mutum 26 suka mutu, da birnin Detroit, inda aka rasa 43. Shugaba Lyndon Johnson ya kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin gwamnan Illinois, Otto Kerner, kuma rahoton da kwamitin ya fitar a ƙarshen watan Fabrairun 1968 ya keɓe babi guda ga kafofin yaɗa labarai. Hukuncin da ya yanke musu mai zafi ne. Ya ce suna kallon al'amura suna kuma rubuta su da idon farar fata, kamar baƙaƙen fata ba sa karanta jarida, ba sa aure, ba sa mutuwa, ba sa zuwa taron iyayen yara a makaranta. Ya ƙiyasta cewa baƙaƙen fata ba su kai kashi 5 cikin 100 na masu aikin labarai ba, a cikin editoci da shugabanni kuwa ba su kai kashi 1 ba, waɗannan ɗin ma yawancinsu a jaridun baƙaƙen fata suke. Uzurin da masu jaridu suka saba kawowa, cewa sun nema ba su samu waɗanda suka cancanta ba, kwamitin bai karɓe shi ba, ya ce in babu to a samar, kuma ya ambaci makarantun sakandare a matsayin wurin da ya kamata horon ya fara.

Gidauniyar Dow Jones, wadda editocin jaridar Wall Street Journal suka kafa a 1958 domin jawo matasa masu hazaƙa cikin aikin jarida, ta amsa wannan kira a cikin 1968 ɗin nan da fara ɗaukar nauyin horon hutu ga 'yan sakandare daga tsirarun al'ummomi. Tsarin da aka bi na haɗin gwiwa ne: gidauniya ta ba da wani kaso na kuɗi, jami'a ta ba da malamai da azuzuwa da ɗakunan kwana, jaridar garin kuma ta kawo editoci da wakilai su koyar, sau da yawa ta buga wa yaran jaridarsu a injinta. Da tafiya ta yi tafiya kalmar tsiraru ta faɗaɗa, ta haɗa baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka da 'yan asalin Asiya da kuma ƙabilun da Turawa suka tarar a ƙasar.

Sunan da aka raɗa wa horon a wurare da yawa, har da Richmond, shi ne Urban Journalism Workshop, wato horon jarida na cikin birni. A bakin Amurkawan wancan zamani, idan aka ce cikin birni ana nufin unguwannin baƙaƙen fata da fararen fata suka ƙaurace wa suka koma bayan gari, don haka kowa ya san da wa ake. Amma sunan a kan kansa bai ambaci launin fata ba, kuma bayan kusan shekara arba'in, yarinyar da aka haifa a farkon shekarun 1990 ba lallai ba ne ta karanta shi yadda kakanninta za su karanta.

Abin da ake yi a cikin mako biyu

Ƙungiyar yaran ba ta da yawa, yawanci daga goma sha wani abu zuwa ashirin da 'yan kai, kuma ba a karɓar ko sisin kwabo daga iyayensu. Wannan batu na kyauta yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin a Amurka akwai horon hutu na jarida da ake biyan dubban daloli, wanda ɗan direban bas ko ɗiyar mai aikin wanki a asibiti ba za su ko yi mafarkinsa ba. Ga yawancin yaran da ake ɗauka, wannan ne karon farko da suke kwana a harabar jami'a, su ci abinci a ɗakin cin abincin ɗalibai, su ga cewa wurin na mutane ne irinsu.

Kwanakin farko na koyon sakin layi na farko ne, wanda a cikinsa ake so mai karatu ya san wane ne, me ya faru, a ina, yaushe, don me, kuma ta yaya. Yaro ya zo da salon rubutun insha'i da ya saba a aji, mai fara wa da shimfiɗa da gabatarwa, sai edita ya zauna kusa da shi ya ja layi a kan jimloli huɗu na farko, ya nuna masa ta biyar ya ce nan labarinka ya fara. Daga nan sai a koya masa tambayar mutum yadda ake rubuta sunansa harafi bayan harafi, ko da sunan mai sauƙi ne, da sake buga waya karo na uku ga jami'in da bai amsa ba, da bambance abin da ya gani da idonsa da abin da aka gaya masa. Ana kai su ɗakin labarai na jaridar garin su zauna a taron editoci su ji yadda ake gardamar abin da zai hau shafin farko. A mako na biyu ake tura su cikin gari da littafin rubutu, kowa da labarin da aka ba shi da lokacin da dole ya miƙa, a ƙarshe kuma a buga jarida mai ɗauke da sunayensu a saman labaransu.

Babu wanda ke zama ɗan jarida a kwana goma sha huɗu, kuma masu shirya horon sun fi kowa sanin haka. Abin da yaro ke tafiya gida da shi shi ne labari bugagge da zai haɗa da takardar neman shiga jami'a, da lambar wayar wani edita da ya san fuskarsa, wanda zai iya rubuta masa takardar shaida idan lokacin neman gurbin koyon aiki ya zo. A sana'ar da aka daɗe ana shigarta ta hanyar sanayya, wannan lambar waya ita ce ainihin abin da ake rabawa, kuma a kanta aka yi shari'ar.

Nauyin tarihin Richmond

Da a wani gari abin ya faru, da wataƙila bai ɗauki ma'anar da ya ɗauka ba. Richmond ita ce fadar gwamnatin jihohin kudu da suka ɓalle a yaƙin basasar 1861 zuwa 1865 domin kare bauta. A 1951 wata ɗaliba baƙar fata 'yar shekara 16, Barbara Johns, ta jagoranci 'yan makarantarsu a garin Farmville na gundumar Prince Edward suka ƙaurace wa azuzuwa saboda lalacewar ginin da aka ware wa baƙaƙe, kuma ƙarar da ta taso daga nan na cikin ƙararraki biyar da Kotun Ƙoli ta haɗa ta yanke hukuncin 1954 da ya haramta raba makarantu bisa launin fata. Martanin shugabannin Virginia, ƙarƙashin Sanata Harry Byrd, shi ne bijire wa hukuncin gaba ɗaya, har gundumar Prince Edward ta gwammace ta rufe makarantun gwamnati daga 1959 zuwa 1964 da ta haɗa yara a aji ɗaya.

Jaridun Richmond ba 'yan kallo ba ne a wannan bijirewa. Editan Richmond News Leader, James Kilpatrick, yana cikin waɗanda suka ƙera mata hujjoji a shafin ra'ayi, ita ma 'yar'uwarta Times-Dispatch ta mara baya. An haɗe jaridun biyu a 1992, kuma sai a watan Yulin 2009 Times-Dispatch ta buga sharhi tana nuna nadama a kan rawar da suka taka. Baƙaƙen fatan garin sun daɗe suna dogaro da nasu jaridun, tun daga Richmond Planet ta John Mitchell Jr., wanda ya yi shekaru fiye da arba'in yana rubutu a kan kisan gilla da ake yi wa baƙaƙe, har zuwa Richmond Free Press da Raymond Boone ya kafa a 1992. Saboda haka a lokacin da wannan jarida ta sa kuɗinta da ma'aikatanta a horon 'ya'yan tsiraru, tana biyan wani bashi ne da kowa a garin ya san asalinsa, kuma wanda bai san wannan tarihi ba zai ɗauki shirin a matsayin son kai kawai.

Inda doka ta tsaya

Tarihi yana bayan masu shirin, amma doka ta riga ta yi nisa da su tun kafin 2006. Jami'ar Virginia Commonwealth ta gwamnatin jiha ce, don haka gyara na 14 na tsarin mulkin Amurka, wanda ya wajabta wa jihohi ba kowa kariya daidai a gaban doka, ya hau kanta kai tsaye. Haka nan dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta hana duk wata hukuma mai karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci saboda launin fata. Kamfanoni da gidauniyoyi masu zaman kansu ma ba su tsira ba, domin akwai tsohuwar dokar 1866 da ta ba kowa damar ƙulla yarjejeniya ba tare da la'akari da launinsa ba, dokar da aka yi ta domin 'yantattun bayi, amma kotuna suka fassara ta da cewa tana kare farar fata kamar yadda take kare baƙi.

Biyu daga cikin hukunce-hukuncen da suka fi yi wa shirin barazana suna da alaƙa da Richmond ɗin kanta. A 1989 Kotun Ƙoli ta soke wani tsari na majalisar birnin da ya keɓe kashi 30 cikin 100 na kuɗin kwangilolin gine-gine ga kamfanonin tsiraru, tana mai cewa ambaton zaluncin da aka yi wa al'umma a dunƙule bai isa hujja ba, sai an nuna takamaiman bambancin da ake son gyarawa. A 1994 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke zama a Richmond, wadda hukuncinta ke aiki a kan Virginia, ta soke wani tallafin karatu na Jami'ar Maryland da aka ware wa baƙaƙen fata zalla. Sai kuma 2003, lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci biyu a kan Jami'ar Michigan: ta amince makarantar koyon lauya ta duba launin fata a matsayin abu ɗaya cikin abubuwa da yawa idan tana auna kowane mai nema shi kaɗai, amma ta soke tsarin digirin farko da ke ƙara wa ɗan tsiraru maki 20 cikin 150 kai tsaye. Lauyoyin da suka kai Michigan ƙara su ne dai waɗannan na cibiyar da ta tsaya wa yarinyar Chesterfield.

Mai karatu a Najeriya ya san irin wannan gardama daga tsarin shiga jami'o'in tarayya, inda ake ware kashi 20 cikin 100 ga jihohin da aka bari a baya a ilimi, sai dai a Najeriya an rubuta rabon a fili hukuma ta tsaya a bayansa, a Amurka kuwa kotu ta haramta ƙayyade kaso tun 1978. Idan ƙarin maki 20 bai tsallake ba, to shirin da ya rufe ƙofa gaba ɗaya ga wani launi ba shi da inda zai dafa. Manyan jami'o'i sun fahimci haka da wuri, shi ya sa tun a 2003 Jami'ar Princeton da jami'ar fasaha ta Massachusetts, wato MIT, suka sake fasalin shirye-shiryensu na hutu da a da aka keɓe wa tsiraru. Horon jarida na Richmond ya ci gaba a kan tsohuwar ƙa'idarsa har ta kai shi ga wannan kiran waya.

Sulhu

Shari'ar ba ta kai ga hukunci ba. A watan Fabrairun 2007 aka sanar da cewa ɓangarorin sun sasanta. Gidauniyar Dow Jones ta amince cewa daga nan gaba za a zaɓi mahalarta duk wani horo da take tallafa wa ba tare da fifita wani launi ba, jami'ar ta amince ta ba yarinyar gurbi a horon 2007, aka kuma biya dala 25,000 na kuɗin shari'a. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da abin da shari'ar tarayya ke ci, kuma alama ce cewa masu ƙarar ba diyya suka fito nema ba, ƙa'idar suke so a canza, sun kuma samu cikin wata biyar.

A ganina yarinyar tana da gaskiya a kan abin da aka yi mata, ko da kuwa mutum yana goyon bayan manufar shirin ɗari bisa ɗari. A ce wa yaro an ɗauke ka, ya gaya wa iyayensa da malamansa, sannan a dawo a tambayi launinsa a ƙwace, wannan wulaƙanci ne da iyayen baƙaƙen yaran Virginia suka fi kowa sanin ɗacinsa. Kuskuren masu shirin ya wuce na rashin dabara a waya. Sun riƙe ƙa'idar da aka tsara a 1968 ba tare da sun sake zama sun tambayi kansu abin da take aunawa ba. A zamanin Kerner launin fata da rashin dama kusan abu ɗaya ne a aikin jarida, domin ɗan likita baƙar fata da ɗan lebura baƙar fata duk ƙofa ɗaya aka rufe musu. Zuwa 2006 an samu 'ya'yan tsiraru da ke karatu a makarantun bayan gari masu jaridar ɗalibai da malamin jarida na musamman, waɗanda su ne suka fi saurin jin labarin horon, suka fi iya cike takarda da haɗa samfurin rubutu. Ƙa'idar launi ita kaɗai ba ta iya bambance su da yaron da makarantarsa ba ta taɓa buga ko takarda ɗaya ba.

Sai dai su ma masu murnar sulhun sun yi saurin tafi. Giɓin da aka kafa horon domin cikewa yana nan a ranar da aka sa hannu. Ƙungiyar editocin jaridun Amurka ta ɗaukar wa kanta alkawari a 1978 cewa zuwa shekarar 2000 yawan tsiraru a ɗakunan labarai zai yi daidai da yawansu a ƙasa. A lokacin kashi 3.95 cikin 100 ne. Da aka ga ba za a cimma ba, a 1998 aka ɗage wa'adin zuwa 2025. A 2006, shekarar da aka shigar da ƙarar, adadin ya kai kashi 13.87, alhali tsiraru sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen ƙasar. Kuma hujjar Kerner ba ta rabon aiki ba ce kawai, hujja ce ta ingancin labari: jaridar da ba ta da wanda zai shiga Watts ba ta san garin da take ba da labarinsa ba. Gurbi ɗaya da farar yarinya ta samu bai rage wa wannan hujja komai ba, amma idan aka buɗe ƙofa aka zauna jiran wanda ya zo, waɗanda za su cika ajin su ne 'ya'yan masu hali na kowane launi.

A nan ne nake ganin ainihin darasin lamarin yake, wato a wajen nema, tun kafin a zo zaɓe. Sulhun ya ɗaure hannun mai zaɓe a kan teburi, amma bai hana malamin jami'a ya shiga mota ya je makarantun da ba su da jaridar ɗalibai ya yi magana da malaman Turanci ba, bai hana a tambayi mai nema ko akwai wanda ya taɓa zuwa jami'a a gidansu ba, bai kuma hana a sa labaran unguwannin da aka manta da su a tsakiyar manhajar horon ba. Rashin jarida a makarantun talakawa tsohon ciwo ne, wani kwamitin bincike da gidauniyar tunawa da Robert Kennedy ta kafa ya yi kuka da shi tun 1974, kuma wani nazari da aka yi a Kwalejin Baruch a 2022 ya gano cewa kusan kashi 27 cikin 100 ne kawai na sakandaren gwamnati a birnin New York ke da jaridar ɗalibai, mafi ƙarancinsu a makarantun da talauci ya fi yawa. Wannan aiki na bin makarantu ya fi duba akwatin launi a takarda wahala da tsada, kuma ba kowace jami'a ce ke da ma'aikacin da zai yi shi ba.

Akwai misalin da ya riga ƙarar. A 2002 wasu tsofaffin editocin jaridar ɗaliban Princeton suka kafa horon jarida na hutu a jami'ar, suka ɗora sharaɗin shiga a kan ƙarancin kuɗin shigar iyaye da ƙwazon ɗalibi, suka ɗauki nauyin sufuri da abinci da masauki, sannan suka ƙara abin da yawancin shirye-shiryen mako biyu ba su da shi, wato haɗa kowane yaro da mai ba shi shawara da zai bi shi har ya kammala neman shiga jami'a. Da yake talauci a Amurka ya fi yawa a tsakanin baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka, ajin kan cika da su ba tare da an hana kowa ba. Ma'aunin dukiya ma yana da nasa giɓin, domin ba ya ganin yaron da iyayensa ke da rufin asiri amma bai taɓa ganin edita mai kama da shi ba, sai dai ya fi jure wa kotu. Wasu jami'o'in kuma suna suka canza, kamar Jami'ar Alabama da horonta ya tashi daga na tsiraru ya koma na al'adu daban-daban, suka ci gaba da neman irin yaran da suka saba nema.

Abin da babu wanda ya lissafa da shi a ɗakin sulhun shi ne cewa sana'ar da ake rigimar ƙofar shigarta tana gab da rushewa. A 2007 jaridun kullum na Amurka suna da 'yan jarida kimanin 55,000, zuwa ƙidayar 2015 sun koma 32,900, saboda tallace-tallace sun ƙaura zuwa intanet. Kason tsiraru bai motsa sosai ba, ya tsaya tsakanin kashi 12 da 14, amma yawansu ya faɗo daga sama da 7,000 zuwa kimanin 4,200, kuma a wuraren da ake sallamar na baya-bayan shigowa tukuna, matasan da irin wannan horo ya raino ne suka fara tafiya. Ƙafar nan ta uku da shirin ke tsaye a kanta, wato jaridar garin mai ba da editoci da injin bugu, ita ce ta fi raunana. Media General ta sayar da Times-Dispatch ga kamfanin Berkshire Hathaway a 2012, shi kuma ya miƙa ta ga Lee Enterprises a 2020. Gidauniyar kanta ta cire kalmar jarida daga sunanta a 2010 ta koma Dow Jones News Fund.

A ranar 29 ga Yunin 2023 Kotun Ƙoli, a shari'ar Harvard da Jami'ar North Carolina, ta rufe ƴar tagar da hukuncin 2003 ya bari, ta haramta amfani da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, ko da yake Alƙalin Alƙalai John Roberts ya rubuta cewa babu abin da ya hana jami'a sauraron mai nema idan ya bayyana yadda launinsa ya shafi rayuwarsa shi kansa. Horon jarida na 'yan sakandare da gidauniyar ke tallafa wa ya riga ya yi shekara goma sha shida yana aiki a ƙarƙashin kusan wannan sharaɗi. Ita kuwa ƙungiyar editocin da ta sa wa'adin 2025, ta haɗe da wata a 2019 ta koma News Leaders Association, gidajen jaridu suka riƙa ƙin amsa takardun ƙidayarta, sannan ta rushe kanta a 2024, saura shekara ɗaya wa'adin ya cika.